Abubuwan Mamaki Game da Jarrabawa da Tantance Gwanaye

Daga ɗalibin da ke dakon sakamakon WAEC har zuwa matashin da ya bi layi don a tantance shi a sa shi a fim, kowa ya san faɗuwar gaban ranar gwaji. Sai dai shi ma mai gwajin ɗan Adam ne, yana da son rai, kuma an daɗe ana neman dabarar da za ta hana shi duba fuska.

Sinawa sun riga kowa nisa a nan. Kusan shekara 1,300 suka yi suna ɗaukar ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa, daga wajen shekarar 605 har zuwa 1905 da aka soke ta. Tun daga ƙofa za a caje mutum, a kai shi wani ɗan mitsitsin ɗaki mai katako biyu: da rana su ne kujera da tebur, da dare su ne gado. A birnin Nanjing kaɗai irin waɗannan ɗakuna sun haura 20,000. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake yi da takardar amsa. Sai a rufe sunan mai ita, magatakarda su kwafe ta kaf da jar tawada, kwafin ne kuma zai isa hannun mai ba da maki. Ko ɗan cikinsa ne ya rubuta, ba yadda za a yi ya gane rubutun. Faɗuwa kuwa ba ƙaramar masifa ba ce: Hong Xiuquan ya faɗi sau huɗu, daga baya ya jagoranci tawayen Taiping, wanda ya ci rayuka kimanin miliyan 20.

A Amurka labule aka sa. A 1952 babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Boston ta fara sauraron masu neman gurbi daga bayan labule, alƙalai su ji kiɗa ba su ga makaɗi ba. Ana ba da labarin cewa ƙarar takalmi mai tsini ta riƙa tona asirin mata, har sai da aka ce kowa ya cire takalminsa, wasu wuraren kuma aka shimfiɗa kafet. A 1970 mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na manyan ƙungiyoyin makaɗan ƙasar ba. Yau sun ninka haka sau da yawa, ko da yake masana na jayayya kan iyakar rawar da labulen ya taka.

Inda babu labule, a dubi abin da ya sami Philippa Fawcett. A 1890 ta ɗara duk mazan Jami'ar Kambirij a jarrabawar lissafi, amma ba a ba ta digiri ba don ita mace ce. Jami'ar ba ta fara bai wa mata cikakken digiri ba sai 1948. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Kunne ma yakan yi kuskure. Ranar 1 ga Janairun 1962 kamfanin Decca ya saurari waƙa 15 daga wasu samari huɗu na birnin Libaful, ya ce bai yi da su ba. Su ne The Beatles, mawaƙan da suka shahara a duniya daga baya.

Wani lokacin kuma masu gwajin ne ke komawa ɗalibai. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Imam Bukhari ya shiga Bagadaza, an shirya mutum goma, kowanne da hadisi goma da aka cakuɗa isnadinsu da gangan. Duk wanda aka karanto sai ya ce bai san shi ba. Da suka ƙare, ya maimaita wa kowa abin da ya karanta, sannan ya mayar da kowane hadisi kan isnadinsa na gaskiya, duka ɗarin.

A Landan, mai son tuƙa baƙar tasi sai ya haddace tituna kusan 25,000, karatun shekara uku zuwa huɗu, kuma baki da baki ake yi masa tambayoyi. Binciken da Eleanor Maguire ta wallafa a 2000 ya gano cewa sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe hanyoyi ya fi girma a wurin waɗannan direbobi. A kwalejin All Souls ta Oksifod kuwa, har zuwa 2010 akan bai wa ɗalibi kalma ɗaya tak, kamar "ruwa", ya yi awa uku yana rubutu a kanta. Ita kuwa Aljeriya ta taɓa katse intanet a faɗin ƙasa a lokacin jarrabawa a 2018 don hana satar amsa.

Koriya ta Kudu ba ta wasa da ranar jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a watan Nuwamba. Jirage ba sa tashi ko sauka na kusan minti 35, lokacin da ɗalibai ke sauraron tambayoyin Turanci, kasuwar hannun jari na jinkirta buɗewa da awa ɗaya, 'yan sanda kuma su ɗauko wanda ya makara a kan babur. A ƙasar ce wata dattijuwa mai sayar da kayan miya, Cha Sa-soon, ta ci rubutacciyar jarrabawar tuƙi a zama na 950. Ta karɓi lasinta a 2010 tana da shekara 69, wani kamfanin motoci na ƙasar kuma ya ba ta sabuwar mota kyauta.