Fumfunar Damina Da Tarin Yaranmu A Mora

Duk shekara da Agusta ta kama, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara yakan jiƙa gindin katangunmu a Mora. Sai baƙar fumfuna ta ɓulla a bango da ƙarƙashin tabarma, mu kuwa mu ce ai damina ce.

To, ƙurarta yaranmu ke shaƙa cikin dare. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ɗaki mai danshi yana ƙara tari da ciwon fuka.

Saboda haka mu toshe yoyon rufi tun Mayu, mu riƙa buɗe tagogi da shanya katifu. Yaron da numfashi ke yi wa wuya kuwa, a gaggauta kai shi asibiti. Allah ya raya mana su.