Sankarar Maza: Yadda Likita da Majinyaci Ke Zaɓen Magani



A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ƙullutu kamar girman goro, wanda ya kewaye hanyar fitsari. Likitoci na kiransa furostet. Shi ne sankara kan kama, galibi bayan mutum ya haura shekara 50, ko da yake mukan ce "sankarar mafitsara", alhali kuwa mafitsara dabam take.

Kafin a yanke shawara, likita kan duba abu uku: zafin ciwon, bisa ma'aunin da Donald Gleason ya fito da shi a Amurka a 1966, iyakar inda ya kai, da kuma shekarun majinyaci da ƙarfin jikinsa. In ciwon ya riga ya bazu zuwa ƙashi, kamar yadda akan samu ga da yawa daga masu zuwa asibitocinmu a makare, to, zaɓi ya ƙuntata. Akan koma ga rage sinadarin mazantaka, hanyar da Charles Huggins ya gano a 1941, wadda ke danne ciwon amma ba ta kawar da shi.

In kuwa bai fita daga ƙullutun ba, hanyoyi uku ne: fiɗa, ko ƙona shi da hasken na'ura, ko sa ido, watau a riƙa awon jini ana jiran ganin take-takensa. A Birtaniya an raba maza 1,643 bisa hanyoyin nan, aka bi su shekara 15. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna kimanin mutum 3 cikin 100 ciwon ya kashe, ko wace hanya aka bi.

Ashe ke nan bambancin yana ga wahalar da kowace hanya ke jawowa. Fiɗa kan bar mutum da kasa riƙe fitsari da raunin mazakuta. Haske kan taɓa hanji, shi ma yakan raunana namiji. Mai sa ido ya tsira daga waɗannan, amma yana kwana da zullumi, kuma ciwon ya bazu ga kimanin 9 cikin 100 na rukuninsu, alhali a sauran rukunan 5 ne.

A nan likita ba zai iya zaɓar wa kowa ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai kunya takan hana dattijo ambaton fitsari ko sha'anin iyali a gaban likita sa'an ɗansa. In ya yi shiru, an yi masa zaɓi ke nan. Saboda haka wajibi ne likita ya yi bayani da harshen da majinyaci ke ji, shi kuma majinyaci ya faɗi abin da zai iya jurewa.