Yadda Maɓallin "Start" Ya Ɓace, Da Yadda Ya Komo

Ran 26 ga watan Oktoba na 2012 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya fito da Windows 8, watau sabon tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kuma ba a daɗe ba sai kuka ya tashi daga ofisoshi da makarantu da gidaje. Abin da ya ta da kukan kuwa ɗan ƙanƙani ne. Maɓallin nan mai suna "Start", wanda ya shekara 17 yana zaune a kusurwar hagu ta ƙasa a fuskar kwamfuta, shi aka ɗauke.

Kafin mai karatu ya gane girman al'amarin, ya kamata ya san asalin maɓallin. Sa'ad da ake shirya Windows 95, akan kawo mutanen da ba su saba da kwamfuta ba a zaunar da su gabanta don a ga yadda za su yi, sai a tarar sun rasa inda za su sa hannu. Wani ma'aikacin kamfanin, Daniel Oran, ya kawo shawarar a tara kome ƙarƙashin maɓalli guda. Da fari an rubuta masa "System", amma mutane suka ƙi taɓa shi. Da aka sauya rubutun zuwa "Start", ma'ana "fara", sai suka gane. Tun daga watan Agusta na 1995 duk wanda ya rikice ya san inda zai koma.

To, me ya sa aka cire shi? Kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, kasuwa ta karkata ga na'urorin da ake shafa fuskarsu da yatsa, Microsoft kuwa yana son tsari ɗaya da zai yi wa waɗannan aiki, ya kuma yi wa kwamfutar tebur. Sai aka cika fuskar da manyan akwatuna masu launi, sa'an nan aka ɓoye sauran kayan aiki a gefuna da kusurwoyi. Biyar daga cikinsu, waɗanda aka kira "Charms", ba sa bayyana sai mutum ya kai 'yar kibiyar linzami kusurwar dama, ko ya shafo yatsa daga gefen dama. Ba wata alama a wurin da za ta gaya masa akwai abu. Ko kashe kwamfuta ma ya zama aiki: a kai kibiya kusurwa, a jira jerin ya fito, a shiga sashen saiti, a danna alamar wuta, kana a zaɓi kashewa. Mutumin da ya yi shekaru goma yana aikin akawu da kwamfuta sai ga shi yana tambayar yaro yadda ake kashe ta.

Kamfanin yana da hujjarsa. Bayanan da yake tattarawa daga kwamfutocin jama'a sun nuna masa cewa tun da Windows 7 ya fito a 2009, mutane sun rage buɗe jerin "Start", don sun sami damar liƙa manhajojin da suka fi so a layin ƙasa. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma fa lissafi yana ƙirga sau nawa aka taɓa abu, ba ya faɗin ranar da aka bukace shi. Ɗan gari ba ya duba allon da ke nuna hanya a mararraba, wannan kuwa bai isa dalilin tumɓuke allon ba, gama baƙo na tafe, kuma shi kansa ɗan garin wata rana dare zai yi masa.

A watan Nuwamba na 2012 Jakob Nielsen, masanin da ya yi suna wajen nazarin yadda mutane ke amfani da kwamfuta, ya gwada sabon tsarin da mutum 12 waɗanda duk sun ƙware, ya kuma ba da rahoto mai zafi. Daga cikin abubuwan da ya kushe akwai ɓoye kayan aiki. Ka'idar tasa mai sauƙi ce: gane abin da ido ya gani ya fi sauƙi bisa tuno abin da aka ɓoye. Maɓallin da ke fili yana tuna wa mutum kansa, na ɓoye kuwa sai an haddace wurinsa. A cikin wannan wata ne kuma Steven Sinofsky, shugaban sashen Windows, ya bar kamfanin.

Abin mamaki shi ne Microsoft ya riga ya koyi wannan darasi a cikin gidansa. A Office 2000 an sa jerin umarni ya riƙa ɓoye abubuwan da ba a cika taɓawa ba, mutane suka ruɗe. Daga baya kamfanin ya lura cewa yawancin abubuwan da masu saye ke roƙon a ƙara musu suna nan ciki tuntuni, ba su dai gan su ba ne. Shi ya sa a Office 2007 aka baje kayan aikin a fili a saman shafi. Bayan shekara biyar kawai, sai ga Windows 8 ya bi ta wata hanya dabam, aka tafi neman gira aka kusa rasa ido.

Ja da baya ya zo sannu a hankali. Tun da wuri wasu suka riƙa sayen Start8 na kamfanin Stardock, ko su ɗauko Classic Shell kyauta, don su mayar da tsohon jerin. A watan Oktoba na 2013 Windows 8.1 ya mayar da maɓallin, amma ban da jerinsa. A watan Afrilu na 2014 aka sa alamar kashewa a fili. Ran 29 ga Yuli na 2015 Windows 10 ya fito da jerin "Start", aka kuma jefar da "Charms" ɗungum.

Ba a ce a baje kome a fili ba, don fuskar wayar hannu ƙarama ce, dole a ajiye wasu abubuwa bayan alamar nan ta layuka uku, wadda Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star ta 1981. Sai dai ajiyar tana da farashi. Binciken da cibiyar Nielsen Norman Group ta buga a 2016 ya nuna cewa in an ɓoye jerin, mutane kan rage amfani da shi, aiki kuma ya ƙara ɗaukar lokaci. Ko ba kome dai, layuka ukun alama ce da ido ke gani, kusurwar Windows 8 kuwa wayam take.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Da Windows 11 ya fito a watan Oktoba na 2021, an mai da maɓallin "Start" wajen tsakiya, an kuma taƙaita jerin da ke fitowa in an danna ɓangaren dama na linzami, aka tura sauran umarnin bayan wani layi da sai an sake dannawa kafin su bayyana. Kwafa da gogewa da sauya suna kuwa aka mai da su 'yan zane marasa rubutu, har sai da aka yi gyara a 2024 kana aka rubuta sunan kowanne a ƙarƙashinsa.