Kwana Goma a Gonar Shinkafa a Ƙasar Japan

Ni ɗan Kura ne, a cikin fadamun shinkafa na tashi. Da karatu ya kai ni Tokyo, babu abin da na fi kewa irin ƙamshin gona lokacin kaka. A ƙarshen Satumban 2024 wani malaminmu ya haɗa ni da wasu dattijai biyu, mata da miji, a wani ƙauye kusa da Tokamachi a lardin Niigata, lardin da ya fi kowanne noma shinkafa a Japan. Sharaɗin mai sauƙi ne: in taya su girbi, su ba ni ci da makwanci.

Jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya da suke kira Shinkansen ya kai ni Echigo-Yuzawa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, wani dogon ɓangaren tafiyar ma ta ƙarƙashin duwatsu aka yi shi. Daga nan na hau ƙaramin jirgi. A tasha tsohon ya tarye ni da wata 'yar farar a-kori-kura, ya rusuna, na rusuna. Na kira shi Ojii-san, wato kaka, kuma da wannan sunan na ci gaba da kiransa har na tafi.

Gonakinsu ba shimfiɗaɗɗu ba ne kamar namu na Kadawa. An sassaƙa su a jikin tudu hawa-hawa kamar matakala, wata ma ba ta fi tsakar gida faɗi ba. Tanada suke ce musu. Da hunturu dusar ƙanƙara takan binne ƙauyen, ta haura mita 2. Idan ta narke, ruwanta mai sanyi ke gangarowa daga gona zuwa gona ta 'yan ƙananan magudanai da kowa ke da alhakin sharewa. A watan Mayu ake dashe, a girbe a Satumba, sau ɗaya tak a shekara. Irin da suke shukawa shi ne Koshihikari, wanda aka raɗa wa suna a 1956, kuma har yau babu irin da ya kai shi yawa a gonakin ƙasar. Ƙwayarsa gajera ce mai danƙo. Duk mai tuƙa tuwon shinkafa zai so ya same shi.

Injin girbin tsohon bai fi Keke Napep girma ba, amma ba ya shiga kusurwa, don haka aikina shi ne in bi gefe-gefe da lauje. Wani kaso kuma mukan ɗaure shi dami-dami mu rataya a kan shingen itace, kai ƙasa, ya sha iska da rana. Wannan na cin gida ne da na 'ya'yansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda tsohon ke bin bayan inji yana tsintar zangarniyar da ta faɗi, ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ya zana mini harafin da suke rubuta shinkafa da shi a kan ƙasa, ya nuna mini cewa idan aka warware shi, lamba 88 ce ke fitowa. Magabatansu sun ce wahala 88 manomi ke sha kafin ƙwaya ta iso kwano. Tun daga ranar ban sake barin ko ƙwaya ɗaya a kwanona ba.

Kalmar gohan a harshensu tana nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci baki ɗaya. Da asuba Obaa-san, matarsa, takan jera mana shinkafa fara sol, babu mai babu gishiri, da romon miso, da gasasshen kifi, da ganyen da aka jiƙa a gishiri. Akwai kuma natto, waken suya da aka bari ya ruɓa har ya yi yauƙi. Baƙi da yawa kan gudu daga warinsa, ni kuwa ina buɗewa na ji warin daddawa. Ashe ƙwayar halitta iri ɗaya ce ke aiki a cikin natto da kalwar da iyayenmu mata ke rufewa. Da na ƙara na biyu, tsohuwa ta tafa hannu tana kiran mijinta ya zo ya gani.

Tun ranar farko na gaya musu ba na cin alade, ba na shan giya. Matsalar ita ce mirin, wani ruwan girki mai zaƙi da ke da giya a ciki, wanda suke sawa a kusan kowace miya. Baiwar Allah nan ta ɗauke kwalbar ta koma sa sukari, kullum kuma sai ta sa tabarau ta karanta bayan kowace leda kafin ta zuba a tukunya. Sallah kuwa a kan tabarmar tatami nake yi, wadda takalmi bai taɓa takawa ba, ina fuskantar yamma maso arewa, domin daga can nan ne alƙibla.

Sai dai a kwana goman nan ban ga yaro ko ɗaya a ƙauyen ba. An rufe makarantar firamare, 'ya'yan masu masaukina biyu suna Tokyo. Matsakaicin shekarun manomin Japan ya kusa 70, kuma ƙididdigar 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan 9 ne babu kowa a ciki. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin gonar matakala ba ta mutuwa ita kaɗai: idan ta sama ta zama saura, kunyarta ta zube, ruwan na ƙasa ma ya yanke. Wata guda kafin zuwana na zaga kantuna uku a Tokyo ban samu shinkafa ba, ga kuma masu noma ta nan, duk sun yi furfura.

Ranar da zan tafi, tsohon ya miƙo mini sabuwar shinkafa kilo 2 a jakar takarda. Ya nuna gonarsa ta can ƙololuwar tudu, ya dafa gwiwarsa, ya ce baɗi ba zai iya hawa ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Yaro, a watan Mayu kuna da hutu?"