Ko Kun Sani? Sikeli Ba Ya Bambanta Tsoka da Kitse

Ɗan dako mai sauke buhunan masara a babbar kasuwar Katsina da ma'aikacin ofis mai tumbi za su iya samun maki ɗaya a ma'aunin ƙiba na BMI. In kowannensu tsayinsa mita 1.75 ne, nauyinsa kilo 80, lissafin zai ba su 26, wato dukansu sun haura 25, inda ake cewa nauyi ya fara yawa. Alhali na ɗan dakon damtse ne da ƙwanji.

Dalili kuwa, BMI nauyi da tsayi kawai yake dubawa, kuma tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya. Adolphe Quetelet, masanin lissafi ɗan Beljiyam, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830 don nazarin jama'a gaba ɗaya, ba don duba majiyyaci ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne siririn mutum mai kitse a ciki, wanda ma'aunin zai wanke, ga ciwon sukari da hawan jini suna laɓe. A nan tef ɗin tela ya fi amfani: a auna zagayen ciki kusa da cibiya, kada ya kai rabin tsayin mutum.