Tsintsiya a Hannun Ɗa Namiji: Renon Uwa Mai Ibada da Kishin Haƙƙin Mata

Zancen haƙƙin mata ya daɗe yana yawo a zauren taro da takardun ma'aikatu, amma wurin da ake yanke hukuncinsa shi ne tsakar gida, tun yaro bai kai shekara 7 ba.

Ina da ƴaƴa biyu, namiji ɗan shekara 5 da ɗiya mace ƴar shekara 3. Wata rana uwar mijina ta zo mana Yamai daga ƙauye, ta tarar da yaron yana share tsakar gida bayan sallar asuba. Ta dube ni ta ce: "Ke ƴar nan, so kike ki mayar mini da jika mace?" Na durƙusa na ce: "Inna, ki gafarce ni, abin da Manzon Allah ya yi da hannunsa nake koya masa."

Amsar nan tana da tushe. Nana A'isha ta ba da labari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi hidimar iyalinsa, ya ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa. An kuma ruwaito cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Littafin Risala, wanda almajiran ƙasarmu ke karantawa, ya ambaci dabba ɗaya ta yankan suna a rana ta 7, kuma a mazhabar Malikiyya haka abin yake ko jaririn namiji ne ko mace. Ashe kenan uwa mai son a daidaita ƴaƴanta ba sai ta yi aron hujja daga Turai ba.

Tarihinmu ma shaida ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau a 1754, ya zargi malaman zamaninsa cikin littafinsa Nurul Albabi saboda suna koyar da almajirai, alhali sun bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar aure ce kuma uwa, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa ƴan taru, inda take naɗa wa shugabar mata da ake kira jaji malfa, ta aike ta ƙauyuka ta koyar da ƴan uwanta addini.

A zamaninmu an samu ci gaba ta fuskar doka. Ran 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi jerin gwano a Yamai, domin mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Daga nan ranar ta zama ranar matan Nijar. A 2000 aka kafa dokar da ta ware wa mata kaso cikin muƙamai, a Disamba 2017 kuma aka sa hannu kan dokar kare karatun ɗiya mace. Duk da haka binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata ƴan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Doka ba ta shiga ɗaki ta raba nama a kwano. Uwa ce ke rabawa.

To, yaya za ta yi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta raba aiki bisa ƙarfin yaro: wanda ya iya ɗaukar buta ya ɗauka, wanda ya iya shara ya share. In an sayi allo da tawada, a saya wa kowa nasa, haka kuma littafin lakkol. In yaro ya bugi ƙanwarsa, kada a ce halin maza ne. A gaya masa Allah ya hana zalunci, a sa shi ya nemi gafararta. Da dare, bayan addu'ar barci, a ba su labarin Nana Hadiza da kasuwancinta, da Nana Asma'u da alƙalaminta, domin yaro ya tashi da sanin cewa cikin bayin Allah na gari akwai mata masu ilimi.

Amma fa aikin na da wuya. Yaro zai fita waje abokan wasa su yi masa dariya. Kuma uwar da ta koya wa ɗanta adalci ta hanyar raina ubansa ko kakarsa ta rushe da hagu abin da ta gina da dama. Dole ta haɗa tsayuwa kan gaskiya da ladabi, ta kuma jawo maigida cikin shawara, domin yaro ya fi koyi da abin da ya ga ubansa yana yi.

Inna ta koma ƙauye ba ta yarda da zancen tsintsiya ba. Sai dai kafin ta tafi ta kwance bakin zanenta, ta ba da kuɗi a saya wa ƙaramar allo irin na wanta.

Allah ya raya mana zuriya bisa imani da adalci, amin.