Haƙƙin Wucewa da Ladubban Tuƙi a Ƙuntatattun Hanyoyin Karkara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwar ƙauye da damina ya san akwai wuraren da hanya kan tsuke, har ya zamana mota ɗaya kaɗai take iya ɗauka. Hagu gonar gero, dama kwazazzabo, ga kuma wata mota ta tunkaro. A irin wannan wuri babu danja, babu allon alama, babu kuma jami'in da zai ɗaga hannu ya ce wane ya tsaya, wane ya wuce. Amma dole ɗaya ya kauce. Wannan babi zai yi bayani a kan wanda ya kamata ya kauce da dalilin haka, tare da ladubban da ke hana 'yar tsayawar minti biyu ta rikiɗe ta koma haɗari ko rigima.

2.0 Hanyoyin da Ake Magana a Kansu

Bahaushe ya bambanta hanyoyinsa da sunaye tun kafin zuwan mota. Gwadabe shi ne babbar hanya mai faɗi. Burtali kuwa shi ne hanyar da aka bari tsakanin gonaki domin wucewar dabbobi, galibi da shinge a gefe da gefe. Daga baya aka sami hanyar burji, wato wadda aka zuba wa jar ƙasa mai tsakuwa ba tare da kwalta ba. Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan hanyoyi sawun mutane da kofaton dabbobi ne suka fitar da su. Ke nan mota baƙuwa ce a kansu.

A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar raya karkara da aka fi sani da DFRRI, wadda ta buɗe hanyoyin burji da dama. A 1988 kuma aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, sai dai aikin jami'anta ya fi yawa a manyan tituna. Haka nan, tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kamar maƙwabciyarta Nijar. Saboda haka idan motoci biyu suka haɗu, kowace dama take ratsewa. To, amma idan babu wurin ratsewar fa?

3.0 Tushen Ƙa'ida

Ƙa'idar guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: wanda tsayawa ko kaucewa ta fi yi wa sauƙi shi ne yake ba da hanya ga wanda ta fi yi wa wuya. Girman mota ko tsadarta, ko matsayin wanda ke cikinta, ba su shiga lissafi.

3.1 Mai Hawa da Mai Gangarowa

Idan aka haɗu a kan tudu, kamar a hanyoyin tsaunin Mambila a Jihar Taraba ko na duwatsun Filato, mai gangarowa ne yake tsayawa. Dalili na farko, motar da ke hawa da ƙarfin tafiyar da ta taso da shi take ci gaba. Da zarar ta tsaya a kan tsakuwa ko laka, sake tashi yakan sa tayoyi su riƙa juyawa wuri ɗaya suna haƙa rami, ko kuma motar ta sulale baya. Wannan ne ya sa yaron mota yakan diro da waigi a hannu duk lokacin da babbar mota ta tsaya a hawa. Dalili na biyu, idan ta kama sai wani ya koma da baya, wanda zai koma sama ya fi samun iko da motarsa, domin inji ne ke jan ta a hankali. Wanda zai koma ƙasa da baya kuwa nauyin motar ne ke fizgar sa, ga shi ba ya ganin bayansa sosai.

Wannan ƙa'ida ba ta taƙaita ga ƙasarmu ba. Dokar tuƙi ta Jihar Kalifoniya a Amurka ta wajabta wa mai gangarowa ya ba da hanya, ya ma koma da baya idan akwai buƙata. Kundin ƙa'idojin hanya na Birtaniya shi ma ya shawarci direba da ya ba mai hawa hanya gwargwadon iko.

3.2 Mai Kaya da Marar Kaya

A shimfiɗaɗɗen wuri, motar da ba ta da kaya ita ke kauce wa mai kaya. Roka da aka laƙa wa buhunan masara ba ta tsayawa nan take ko an taka birki, kuma idan tayarta ta sauka gefen hanya inda ƙasa ke da taushi, tana iya nutsewa ko ta kife. Haka kuma mai babur ya fi mai a-kori-kura sauƙin raɓewa. Idan motocin sun yi daidai, wanda ya fi kusa da wuri mai faɗi shi ne zai koma. Mota ɗaya kuma ita ke jiran ayari, domin tsayar da ɗaya ya fi mayar da biyar baya sauƙi.

3.3 Masu Tafiya a Ƙasa da Dabbobi

A nan sai a ƙara da wani abu, wato rauni. Ko da yake mai tafiya a ƙasa yana iya raɓewa cikin sauƙi, shi ne zai fi cutuwa idan aka yi karo. Don haka direba ne ke rage gudu ga tsoho, da yara, da matan da suka ɗauko itace ko ruwa, ya kuma tausaya masu da ƙura a lokacin rani, da fallatsin taɓo a lokacin damina.

Game da garken shanu, abin da ya dace shi ne a tsaya cik, a bar makiyayi ya kaɗa dabbobinsa, kada a matsa oda. Ƙarar oda kan firgita shanu su watse, kuma a cikin burtali babu inda za su faɗa sai gonar mutane. Direba zai wuce abinsa, ya bar manomi da makiyayi da rigimar da shi ya haddasa. Haka ma amalanken shanu da jaki mai kaya, ba su iya ja da baya kamar mota, don haka su ake jira.

3.4 Mashigi da Ƙaramar Gada

Wanda ya riga shiga mashigin rafi ko ƙaramar gada shi ke da hanya, na biyu ya jira har sai ya fita gaba ɗaya. Idan ruwa yana gudu, musamman a watan Agusta, a fara aunawa da sanda. Ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 60 yana iya tafiya da mota ko da jif ce. Masu iya magana kan ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

4.0 Wasu Ladubba

Na ɗaya, kada a bar hanya a ratsa ta gona don guje wa taɓo. Baya ga shukar da za a tattake, sawun taya yakan zama magudanar ruwa, kuma daga nan zaizayar ƙasa ke farawa har ta zama kwazazzabo.

Na biyu, a matsa oda kaɗan kafin shiga kwanar da dawa ko duhuwa ta rufe, domin sanar da wanda ke tahowa. Da dare kuma a rage hasken fitila idan an haɗu.

Na uku, a sanar da wanda ya tsaya ko akwai wasu motoci a baya. Masu yawon shaƙatawa da motoci a dazuzzukan Amurka sukan ɗaga yatsu daidai da yawan motocin da suka rage, na ƙarshe kuma ya ɗaga dunƙulallen hannu. A wurinmu, faɗa da baki ya wadatar: "Malam, akwai biyu a baya."

Na huɗu, wanda ya ga an matso shi a baya ya nemi wuri ya raɓe. Idan mota ta lalace a tura ta gefe, kuma a kwashe duwatsu da ganyen da aka jera don gargaɗi kafin a tafi.

Na biyar, kada a wuce wanda ya kafe ba tare da an taimaka ba, domin zaman duniya cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Sannan wanda aka ba hanya ya ɗaga hannu ya ce "na gode" ko "Allah ya kiyaye hanya". Kalmomin "gafara dai" da "sannunku da aiki" sun sha kashe wutar da zagi zai hura.

5.0 Kammalawa

An ga cewa haƙƙin wucewa a ƙuntatacciyar hanya yana bin yanayin wurin ne da halin da kowane matafiyi yake ciki. Mai gangarowa ya jira mai hawa, marar kaya ya jira mai kaya, mai inji ya jira mai rai. Yawancin ɗaliban wannan kwas za su koyar a makarantun karkara, kuma waɗannan hanyoyi za su riƙa bi a kan babur safe da yamma. Abin da yara suka ga malaminsu yana yi idan ya haɗu da garke a burtali, shi za su yi ranar da suka kama kan babur.

Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin gwadabe da burtali da hanyar burji.
2. Kawo dalilai biyu da suka sa mai gangarowa yake ba mai hawa hanya.
3. Ta yaya matsa oda zai iya haddasa rikici tsakanin manomi da makiyayi?
4. Rubuta zubin bayani mai sakin layi uku a kan wata ƙuntatacciyar hanya da ka sani a yankinku.